Mai Dokar Barci

Daren Laraba a Tartu.
Kogi ya daskare har gindin gada,
kofina ya huce sau uku,
ina jiran mutum goma sha tara
da suka ɗaga hannu a taron Nuwamba
suka ce: Piret, bar mana, za mu rubuta.

Alkawari kaya ne, in ji masu iya magana.
Nasu dai ba nauyi, ga alama.

Mujallar ƙungiyarmu shafi takwas ce kacal.
Mu ne masu gadin ƙofofin da ba a gani,
masu kwana ido biyu kan kwamfutocin asibiti,
na banki, na hukumar ruwan sha.
Ka ce su toshe ɓaraka, kafin asuba sun gama.
Ka ce su rubuta layi talatin,
sai kowa ya zama kurma.

Raivo ya turo nasa a kulle,
ƙulli a kan ƙulli,
ya manta bai ba ni mabuɗi ba,
ya tafi kamun kifi kan ƙanƙarar Peipsi
inda waya ba ta da ta cewa.

Ülle ta cika shafi biyu a kan wata ƙwayar cuta
da ta kwana uku tana farauta.
Da safe lauyan kamfaninsu ya bi da baƙin alƙalami,
ya goge suna, ya goge rana, ya goge cutar kanta.
Abin da ya saura: "Mun sha wuya. Mun gode."

Akwai wanda ba mu san sunansa ba,
shekara shida yana biyan kuɗin ƙungiya,
hotonsa mujiya.
Nasa ba ya latti,
kuma kullum ƙarshensa ɗaya: kada ku yarda da kowa.

Tsoho Heino, da ya ga zamanin kati mai huji,
ya kawo nasa da ƙafa, a takarda,
yana karkaɗe dusar ƙanƙara daga hula.
Labarin ƙanwarsa ne a Võru:
wata murya mai ladabi ta kira, wai daga banki,
ta karanto mata lambobinta ɗaya bayan ɗaya,
har ta yi wa ɓarawon godiya.
Ba ƙididdiga a ciki, ba zane.
A tsaye na karance, na manta ban ba shi kujera ba.

Ɗaya saura kwata,
shafin farko na nan wayam.
Sai ga saƙo daga Aksel, ɗan autanmu:
"Yi haƙuri da latti, ga nawa, latsa nan."
Ni da na shekara goma ina wa mutane wa'azi,
ku duba adireshi, ku duba harafi,
ku ƙirga uku kafin yatsa ya sauka,
ko ɗaya ban ƙirga ba.
Yunwar rubutu ta rufe mini ido. Na latsa.

Allo ya yi fari, sai layi guda:
"Gudummawata ke nan. Ke ce ta bakwai."

Na daɗe zaune, bututun ɗumama ɗaki na ƙas-ƙas.
Mai dokar barci ta ɓuge da gyangyaɗi.
Na hango ƙanwar Heino da waya a kunne.
Ashe tazarar da ke tsakaninmu
ba ta kai kaurin farce ba:
ita ladabi ya ci ta, ni gaggawa.

Na sauya kalmar sirri. Na ɗora ruwa a wuta.
Na buɗe shafin farko, na rubuta sunana cikakke,
a ƙarƙashinsa: yadda aka kama ni.
Labarin Heino na biye, ko waƙafi ban taɓa ba.

Sauran shidan, Aksel ya ƙi faɗar su.
Amma ran Juma'a, da mujalla ta fita,
saƙo uku suka shigo, ba wanda na roƙa.
Na huɗu daga mujiya ne.
A ƙasa, karon farko, ya sa suna: Valdur.