Kwalin Ƙwai

Ɗaki guda muka soma a Bukoki,
na haya, jika bakwai duk wata.
Zabeiru ya manne bango da kwalin ƙwai
don kada kukan akuyar maƙwabta
ya shiga kaset.
Ya shiga. Muka bar shi a ciki.

In kuran ya ɗauke
batirin tsohuwar mota ke riƙe mu.
Mai gurumi na zufa, ba halin fanka,
mikoro ba ya son iska.

Tanimun ya sayar da babur,
muka ɗauko inji a Katako.
Wani mai hali ya zo da jaka,
a sa sunansa bisa ƙofa, in ji shi.
Muka dafa masa shayi, ya sha har na uku,
ya tafi da jakarsa.

Yau ƙofa huɗu gare mu:
Bukoki, Talaje, Yantala,
da ta hayin gada da Indo ke riƙo.
Yaran da ke ɗaukar murya yanzu
ba su taɓa juya kaset da bik ba.

Zabeiru bai ga ta huɗun ba.
In dare ya raba, kowa ya watse,
nakan kunna ta farkon nan,
in zauna jiran akuyar.