Mai Sauraron Ƙasa

Shekara arba'in ina shiga ƙasa da igiya a ƙugu,
daga Daura har ƙauyukan hanyar Zango,
ban taɓa jin ta yi ko tari ba.
Tamu mai kawaici ce,
sai ka yi gaba goma sha biyu take nuna maka danshi.

Ga shi Lantana, autata,
tana can inda dutse ke aman wuta,
wai aikinta ta zauna ta saurare shi.

Da ta zo hutu ta baje takarda a kan tabarma,
dogon zane kamar sawun kiyashi a rairayi.
"Baba, nan barci yake.
Nan ya juya.
Nan kuwa, dubi yadda layin ya haukace,
kwana uku kafin ya buɗe baki."

Ta ce suna binne na'ura a gindinsa kamar iri,
suna auna kumburin cikinsa ko da kaurin farce ne,
suna shinshina hayaƙinsa mai warin baragurbi.
Uwarta daga bakin murhu ta ce,
"To ai talge ne.
Ni ma ba na jira ya fallatso mini,
daga kukan tukunya nake janye itace."
Lantana ta yi dariya har da ƙwalla.
"Inna, wannan ba a janye masa itace.
Mutane ake janyewa."

Na ce, kuna sanin ranar?
Ta daɗe tana naɗe takardarta.
"Sau ɗaya muka ce a tashi.
Gari guda ya kwashe, da awaki, da masu jego,
mako biyu suna kwana a azuzuwan makaranta.
Dutsen ya yi gyatsa ya koma barci.
Wata tsohuwa ta jefe ni da takalmi."
Na ce, in ya sake motsi fa?
"Sai mu sake cewa a tashi."

Ban ba ta labarin Ɗan'iya ba.
A Sandamu ne, rijiyar wani mai shanu.
Sau biyu na ga yashi na zuba siriri daga gefe,
sau biyu na yi ihu aka jawo shi,
ya fito yana yi mini dariya,
mai rijiya yana lissafin wuninsa.
A na uku na gani.
Na ji kunya.
Sai bayan la'asar muka kai ga hularsa.

Ta koma ranar Lahadi, motar sassafe.
Yanzu in gida ya yi tsit
nakan ture matashi, in sa kunne a daɓe.
Ba na jin komai sai jinina.
Amma ƙasar ai guda ce,
ta nan ta bi har ƙarƙashin kujerarta.
Ina cewa: Lantana, in kin gani ki faɗa.
Takalmi ba ya binne kowa.