Moton Hankurau

Shekara tara yana jingine a ɗakin hatsi,
tsakanin fasasshen turmi da tulun da ba a sha.
Ran addu'ar arba'in aka lulluɓe shi da tabarmar kaba.
Ba wanda ya ce a rufe,
ba wanda ya yi ƙarfin halin ɗagawa.

Jiya lahadi, kasuwar Tawa na ci,
ɗan kabu-kabu ya yanka mini kuɗin zuwa Kalfu,
na laluba aljihu, na juyo gida.
Na daɗe tsaye a bakin ƙofar nan, Hankurau,
kamar mai jiran a amsa masa sallama.

Zanzaro ya yi gini a bakin salansa,
ɗaki bisa ɗaki, ya fi mu zuri'a.
Ɓera ya ci soson sirdi, ya haihu a ciki.
Tayoyi sun durƙusa irin na tsohon raƙumi.
Makulli kuwa na nan inda ka bar shi,
da igiyar fatarsa, da maiƙon hannunka.

Arzika makanike ya zo da kwanon sha
da tsohon buroshin haƙori a bayan kunne.
Ya sunsuna tanki, ya yamutsa fuska:
"Wanga ba isansi ba ne kuma, ya koma ƙaro."
Ya kwance karburato bisa buhu,
ya hura da baki, ya tofar,
ya kankare buji da reza har ta yi ido.
Na ce batir fa? Ya ce, "Bar matacce ya huta,
ƙafa ka tada irin wanga."

Na taka. Shiru.
Na taka bakwai, na taka sha biyu,
zufa na ɗiga bisa tanki.
A na ashirin ya rama, ya shure ni a ƙwauri,
Arzika ya ƙyalƙyale: "Halin mai shi!"
Na yi dariya, sai ta maƙale mini a wuya.

Yaran unguwa suka sa hannu,
muka gangara lungun da ke fita Babaye,
kaji na watsewa, wani na ihu, "Saki! Saki!"
Ya yi tari.
Ya sake tari, irin na mai tashi daga jinya,
ya fesa mana ƙasar zanzaro da baƙin hayaƙi,
sai ga muryar,
tuf, tuf-tuf, tuf,
da ƴar sarƙewar nan da ka ƙi gyarawa.

Da na shigo da shi tsakar gida,
Inna na gindin bedi tana tsintar wake da yatsu,
tun da ido ya daina taimakonta.
Ƙwaryar ta karkace.
Ta ɗaga kai wajen ƙofa, ta ce,
"Hankurau, ka tuna da gishirin?"

Zuwera, da ba ta san ka ba sai a hoton katin shaida,
ta ɗora tafi bisa fitila, tana jin rawar ƙarfe.

Na ce, "Inna, ni ne, Sahabi."
Ta ce, "Na sani.
Kar ka kashe shi tukuna."

Lita ɗaya na saya, ta bashi ce ma.
Muka zauna, har da Arzika,
muna sauraro tana ƙonewa a tsaye.
Ban je Kalfu ba.
Wake na zube a ƙasa, kaji suka samu.