Lodi daga Bawku

Shanu arba'in da biyu muka loda a Bawku,
na ƙirga su da tocila, na dangwala hannu a takarda.
Arba'in da ɗaya suka sauka a Kaase da ƙafafunsu.
Ta ƙarshen, da igiya muka jawo ta.

Fara ce, ƙahonta ɗaya a karye.
Tun Tamale ta durƙushe,
'yan uwanta na taka ta ba da nufi ba,
don motar ba ta da masakar tsinke.
A Kintampo na ce wa direba mu tsaya mu shayar da su.
Ya ce kasuwa ba ta jiran kowa.
Na sayi ruwan leda uku da kuɗin kokona,
na huda da haƙori, na ɗiga mata ta tsakanin ƙarafa.
Ta lashe ledar. Ta lashi yatsana.

An yanka ta da sauran numfashi,
da sunan Allah, ni na danne ƙafar baya.
Halal ce. Ban taɓa cewa ba halal ba ce.

A daren, a Aboabo, Memuna ta zubo tuwo
da miyar ayoyo, tsoka biyu a kai,
waɗanda ta ɓoye mini kada yara su gani.
Na tsame su na mayar tukunya.
Ta ce, ciwo? Na ce a'a.
Ta ce, to gishiri ne ya yi yawa?
Ban san yadda zan gaya mata ba
cewa yatsana bai daina jin kaushin harshen nan ba.

Bayan asuba Malam Isaka ya tare ni a ƙofar masallaci:
kada ka haramta wa kanka abin da aka halatta maka.
Na ce, Malam, ban haramta ba, tambaya gare ni.
Kun koya mana a wasa wuƙa, a ɓoye ta,
kada wata ta ga ana kayar da wata.
Wuƙa minti ɗaya ce.
Hanya kwana biyu.
Wa zai amsa tambayar kwana biyun?
Ya ja carbi, ya ce wannan yana wuyan mai mota.
Mai mota ya ce dillali ne.
Dillali ya ce masu saye ne, araha suke so.
Mai saye kuwa ni ne,
duk Asabar a gaban teburin cicingar Salifu,
ina cewa ƙara mini gyara.

Wata huɗu ke nan ina kan wake da kontomire.
Ba na alfahari: kuɗin waken daga lodin suke fitowa.
Da Lantana ta yi fari fat,
nas ta ce jininta ya yi ƙasa, a ba ta hanta,
da gudu na je, ban tambayi motar da ta kawo ta ba.
Ragon layya ma na ci,
ni na yi masa dusa wata bakwai,
bai kwana da ƙishi ba ko sau ɗaya.

Laraba za mu koma Arewa.
Na sayi jarka biyu da tsohon baho,
na cusa su a bayan kujera.
Direba ya ce wa zai biya lokacin tsayuwa.
Na ce a cire a nawa.
Ya yi dariya, bai ce e ba tukuna.