Aljihun Dama

Shekara goma sha bakwai ina taka keke
a rumfar kwano, bayan kasuwar Garwa,
ina rage wa jandarmomi ƙugun wando,
ina ƙara wa waɗanda tumbi ya sauko musu.
Na san inda gumi ke fara cin kaki:
hammata tukuna, sannan wuya.

Wasu in sun kawo ɗinki sai su rage murya:
"Tela, zurfafa mini aljihun dama."
Na zurfafa. Ban tambaya ba.
Allura ido gare ta, ba ta da baki.

Ranar da aka liƙa sunaye a bango
Asta ta ajiye ludayi ta dube ni:
"Kai da gwiwarka ke ƙara wajen ruku'u?"
Na ce ƙofar ƙarshe ce, baɗi shekaru sun rufe ta.
Ta ce to, bar mini kuɗin dawa
da makullin rumfa.

A filin horo yaran suka raɗa mini Kawu.
Gudun asuba su ne gaba,
ni ina ƙirga dugadugansu,
huhuna kamar zugazugin da ya huje.
Ajidan Wasuni, wanda na girma da wata huɗu,
ya sa ni birgima a taɓo kan maɓalli ɗaya,
ni da na dasa maɓallan rigar da ke jikinsa.
Bai gane ni ba. Ko ya gane, ya haɗiye.

Da dare suna minshari,
ni ina shafa man zafi,
ina haddar doka da Faransanci,
tocila a baki, inda dā nake riƙe fil.
Bindiga kam ba ta wahalshe ni ba.
Mai zura zare bayan magariba
baƙin ɗigo a allo ba ya ɓace masa.

Sai aka turo ni shingen hanyar Gashiga:
igiya, ganga biyu, inuwar darbejiya.
Kwana tara da zuwana ga Jibrilla a babur,
jarka shida ta fetur, ba takarda ko ɗaya.
Shi ya ranta mini kuɗin kekena na fari,
bai taɓa tuna mini ba.
Ya yi dariya: "Tela! Kaki ya karɓe ka."
Ya matso da hannu a dunƙule, jaka biyu a naɗe,
ya nufi aljihun dama yadda aka saba.
Yatsunsa suka zame.
Ya sake lalube.
Ba ƙofa.

Daren da aka ba ni kakin nan
na ruɓanya zare, na ɗinke bakinsa,
na koma na bi ɗinkin.
Ba don na fi kowa tsoron Allah ba.
Na san hannuna ne,
na san zurfin da ya yi wa wasu.

Na rubuta takarda, alƙalami na rawa,
har na ɓata harafi biyu a sunansa.
Bai zage ni ba. Da ya zaga, da na samu sauƙi.
Ya ce, "Gai da Asta,"
ya tura babur ba tare da ya tayar ba.

Matarsa ta daina kai ɗinki rumfarmu.
Asta ta faɗa mini tana tsince shinkafa,
ba ta ɗago ba.

Gwiwar tana nan tana ƙara.
Canjin shayi kuma, tun daga shinge,
a tafin hannu nake riƙo shi
har gida.