Ɗan Haya a Hanjin Kaza

Da asuba nake isa rumfar Kawu Jatau a Agege,
kafin tukunyar figa ta tafasa,
kafin ƙudaje su yi sallama.
Yana wasa wuƙa, ina buɗe kula mai ƙanƙara.
"'Yar boko, yau ma hanjin?"
Yau ma hanjin, Kawu.
Tsoka ta mai kuɗi ce, ƙundu na maigida,
ni rabon kyanwa nake so.

Awa biyu a cikin danfo, gosulo ya riƙe Oshodi,
ƙanƙara tana komawa ruwa a kan cinyata.
Kwandasta ya ce, kunun aya ne?
Na ce baƙi ne, zan kai su Yaba.

A Yaba, ƙarƙashin madubin da ke mai da ɗigo gari,
ga shi nan, siriri, a murɗe kamar zaren da ya kwance.
Ya kama ɗaki a lungun hanji, inda ɗumi ya fi,
ba ya biyan haya,
mai ɗakin ma ba ta san da zamansa ba.
Tana tsattsagar dusa, tana ƙiba, ko tari ba ta yi.

Aikina karanta gadon da aka bar masa:
ƙwayoyin halitta, layi bayan layi,
da haruffa huɗu kacal aka rubuta.
Wannan layin ya ba shi wutsiya, yana iyo a cikin yauƙi.
Wancan hanci ne, yana shinshino inda tukunya take.
Akwai wanda ke kwarfe ɗacin matsarmama
kamar yadda Iya Risi ke kwarfe ruwa daga shagonta duk damina,
ba ta fushi, ba ta kuma tashi.
Sauran ban gane su ba tukuna.

Na goge layin wutsiya,
na ɗura wa 'yan tsaki shi a ruwa.
Kwana bakwai na duba: ɗaki wayam.
Ya wuce kamar fasinjan da barci ya ƙetarar da shi tasha.
Na yi tsalle, aka ɗauke wuta,
Madam Adunni ta ce in bar rawa in tayar da janareta.

A wannan duhun na tuna kakana,
da ya sauka daga jirgi a Iddo da tabarma ɗaya.
Ƙafa gare shi, da hanci, da jure ɗaci,
ga mu yau gida goma sha ɗaya.
Ban so kwatancen ba, shi ya kawo kansa.
Ashe zama a inda ba a gayyace ka ba
ilimi ne, ana gadonsa.

Amma kakana bai kwantar da ɗan kowa ba.
Ranar sunan bara, katako ɗaya, wuƙa ɗaya,
aka yanka kaza, aka yanka kabeji.
Kwana biyar Sagiru yana zarya bayan gida,
idonsa ya faɗa, leɓensa ya tsage,
uwarsa na auna gishiri da sukari da murfin kwalba.
Kawu ya rantse: "Kazata lafiyarta lau,
sai da na yi gudu na kama ta."
Na sani, Kawu.
Ai lafiyar tata ce ta ɓoye shi.

Na sayo masa katako na biyu, fari, na roba,
na ce wannan na ganye ne, kada jini ya taɓa shi.
Ya juya shi, ya yaba, ya sa mini albarka.
Yau da na zo, na tarar
ya tokare ƙofar keji da shi, don ta daina buɗewa.

Tukunya ta fara huci.
Na wanke hannu har gwiwa, yana kallona yana dariya,
sannan ya miƙo nasa: "Zuba mini kaɗan."