Idon Taru

Sun ba ni rula da rigar aiki,
suka ce, Tanimu, tafi dam ɗin Kangimi
ka auno mana idon kowane taru.
Wanda yatsa biyu ba su shiga ba, a ƙone.

Takardar daga nesa ta taso,
daga ƙasar da ko sunan tarwaɗa ba a sani ba.
Wai kwalin banda arba'in aka maido daga bakin teku
don babu hatimin da zai faɗi
wane ruwa, wane hannu, wace raga.
In ba a gyara ba, ciniki ya ƙare.
Na sama ya danne na ƙasa, na ƙasa ya danne ni,
kamar jerin buhuna a bayan tirela.

Na iso da hantsi. Ruwa ya ja baya
ya bar laka da faso kamar dunduniyar manomi.
Jirage bakwai a gaɓa.
Na shida na Kawu Barmo ne,
wanda ya koya mini riƙon filafili
tun ina tsoron inuwata a ruwa.

Ya shimfiɗa abin a gabana, bai ce uffan ba.
Ba taru ba ne. Gidan sauro ne,
irin wanda asibiti ke raba wa masu ciki,
an ɗinke uku, an ɗaura musu duwatsu.
A cikinsa 'ya'yan karfasa, ko ɗan yatsa ba su kai ba,
suna ƙyalli kamar an ɓarar da allurai.

Ya ce, “Auna, ɗan Audi, auna da kyau.
In ka gama ka je ka auno mini jirgin nan na teku
da ake cewa cikinsa ya fi kasuwar Kawo,
mai share a dare ɗaya
abin da ni da kakana ba mu kama ba.
Shi ai yana da hatimi.
Wanda ya zuba gamalin bara
har kifi suka juyo da fararen cikinsu sama,
babur ya saya, kullum yana wuce ni da hon.
Ni na miya nake nema.”

Ban tanka ba.
Na san gaskiyarsa, na kuma san ta ruwa:
shekara goma sha ɗaya rabon Kangimi da giwan ruwa,
yaran yanzu a labari suke jin girmansa.

Sai a ashana ta uku wutar ta kama.
Ragar ba ta ci kamar ciyawa,
narkewa take, tana ɗiga, tana tsuwa,
warin ya bi ni har Maraban Jos.

Da dare na ce Inna ta buɗe mini ɗakin shirgi.
Tarun Baba na nan a rataye,
ɓera ya ci gefe, sauran lafiya lau.
Na zura yatsa: ɗaya, biyu, uku, har da sarari.
Mutumin da bai taɓa ganin rula ba!
Cewa yake, “Ƙaramin da ya zille
bashi ne ka ba ruwa,
ruwa kuwa ba ya cin bashi.”

Na kwana ina ɗinki.
Da asuba na kai wa Kawu. Ya juya shi, ya sansana,
ya ce, “Har yanzu da warin tabar Audi.”
Ya shiga jirgi bai dube ni ba.

Azahar ya dawo. Ragon ruwa ɗaya, ƙurungu biyu.

Na zaro biro na cike fom:
An duba. An bi doka.
Na juya takardar gaba da baya,
ban ga layin da ake rubuta
cewa baki tara ne ke jiran kifi uku ba.